Rabin Allon Malam Mansuru

Al'amarin ya fara ne ranar Juma'a ta biyu a watan Yunin 1944, tsakanin fitar maza zuwa masallaci da dawowarsu. Tun asubar ranar ake sheƙa ruwa irin wanda ba a yi ba tun shigowar damina, bai ɗauke ba sai da hantsi. Da Malam Mansuru ya dawo daga salla ya shiga zaurensa da ke unguwar Nima a Ankara, sai ya tarar an ɗauke rabin babban allonsa.

Ba allon karatu ake nufi ba. A ƙuruciyarsa Malam Mansuru ya yi shekara tara yana shugabantar 'yan dakon waɗansu Turawa masu binciken duwatsu. A wurinsu ya ga yadda ake neman jijiyar dutse a gaɓar teku wajen Osu, a kafa ƙarfe a kanta, a riƙa bugu a hankali har dutsen ya buɗe biyu kamar tafukan mai addu'a. A ciki sai a iske halittun ruwa sun daskare sun koma dutse, ƙumba da katantanwa da waɗansu ƙwari masu gaɓoɓi, cunkushe kan juna kamar kasuwa ta cika. Turawan suka tafi, shi bai bar abin ba. Cikin shekara ashirin da 'yan kai ya tara irin waɗannan fallayen duwatsu goma sha ɗaya, ya jingine su a zaure bisa tsofaffin buhuna, yana kiransu allunansa. Babban cikinsu ɓari biyu ne, tsawonsa kamu ɗaya da rabi. A ɓari guda halittun sun taso, ana shafa su da yatsa. Ɗayan kuwa gurabensu ne kawai, rami-rami. Mai tasowar aka ɗauke, aka bar mai ramukan.

Mutanen unguwa ba su taɓa yarda cewa dattijo mai hankali zai tara duwatsu don kallo kaɗai ba. Waɗansu sun ce akwai zinariya a ciki, waɗansu sun ce asiri ne. Saboda haka da labari ya bazu, kowa ya riga ya san dalilin satar, ɓarawon ne kawai ba a sani ba. Aka aika a kira Saje Zibrim.

Saje Zibrim ɗan maharbi ne. Ya koyi bin sawu a dajin arewa tun bai san harafi ba, sannan ya yi shekara ashirin da shida yana ɗan sanda. Tun da ya ajiye kaki, in rago ya ɓace ko an yaye zane a shanya, shi ake nema. Ya iso ya tarar jama'a sun tattake ƙofar zauren har ta koma kamar wurin kwaɓin ƙasa.

"Kun yi wa ɓarawo shara," ya ce. "Ku ja baya, don girman Allah."

Ya tsuguna a gefen ƙofa, inda bakin rufin kwano ya kare ƙasa, ba a kuma taka ba. Sawu biyu ne a jere, na namiji, babu takalmi. Na daman ya fito sarai. Na hagun kuwa, a gurbin babban yatsa sai shatin tsumma.

"Wannan ai ƙafar Moro ce," ya ce.

Maganar ta fita kafin ya auna ta. Moro Bazabarme ne mai fasa dutse a inda ake yi wa soja hanya, baƙo a unguwar, ba shi da kowa. Kwana huɗu da suka wuce guduma ta fasa masa yatsa, shi ya hana shi doguwar tafiya zuwa masallaci. Mai fasa dutse, bai je Juma'a ba, ga sawunsa a ƙofa. Zibrim ya kifa wani fasasshen kasko a kan sawun yadda ya saba, amma kafin ya miƙe tsaye samari sun riga sun nufi ɗakin Moro.

* * *

Ba a sami komai a ɗakin ba sai tabarma da buta da guduma. Duk da haka aka tasa Moro gaban Mai-unguwa.

"Ka je ƙofar Malam Mansuru yau?"

"Na je, ranka ya daɗe."

"Yin me?"

Moro ya dubi ƙasa.

"To, ga hanya mai sauƙi," in ji Mai-unguwa. "Ka yi alwala, ka dafa izu sittin, ka ce hannunka bai taɓa dutsen nan ba. Kowa ya kama gabansa."

"Ni ban sata ba," Moro ya ce. Hausarsa ta koyo ce, amma babu wanda bai gane ta ba. "Amma wannan rantsuwa, ba ni iya."

"Ɓarawo mai tsoron Allah ke nan!" wani ya ce daga baya, aka kwashe da dariya.

Mai-unguwa ya ɗaga hannu. "Na ba ka zuwa Lahadi bayan la'asar. Ko dutse ya fito, ko ka rantse. In ba haka ba in miƙa ka ga 'yan sanda, kuma ko ka fito, Nima ba ta da masauki gare ka."

Zibrim ya san abin da wannan ke nufi, domin ya raka irin su Moro da yawa har ƙofar kurkuku: watanni a ɗaure, da suna wanda zai riga mutum isa garinsu. Ya kuma san bakinsa ne ya kawo shi nan. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne, a duk shekarunsa na aiki bai taɓa ganin ɓarawon da ya amsa zuwa ƙofa, sannan ya ji nauyin rantsuwa ba.

* * *

Bayan la'asar Zibrim ya koma zauren. Ya sami Malam Mansuru zaune gaban ɓarin da aka bari, buta a gefensa.

"Matso, Saje, ka ga abin da kake nema," ya ce. Ya ɗebi ruwa a tafi ya yayyafa. "Haka ake kallonsu. Ba a goge su da tsumma, ba a kankare su. Ruwa kaɗan, sannan ka karkata shi haske ya zo daga gefe."

Dutsen ya yi duhu, ramukan suka bayyana ɗaya bayan ɗaya, kowanne da zane-zanensa sirara kamar haƙoran mataji. Zibrim ya daɗe yana duba. Shi ma'abocin sawu ne, sai ga shi gaban sawun da ya fi kowane sawu daɗewa.

"Turawan sun ce tun kafin a halicci ɗan Adam suke nan," in ji Malam. "Ni ban san lissafinsu ba. Abin da na gani, babu ko ɗaya cikinsu da Mai halitta ya yi wa aikin gaggawa, alhali kuwa cikin duhun dutse za su kwanta. Shi ke nan asirin da ake cewa ina da shi."

"Guda nawa ne a jikin wanda aka ɗauke?"

"Sittin da uku. Amaryata ce ta ƙirga."

Jikarsa yake nufi, Memuna, 'yar shekara shida, ɗiyar ɗansa Hudu wanda ke can yaƙin Bama. Ƙyanda ce ta ɗauke ta kwana ashirin da suka wuce.

"Ita ke riƙe mini buta," ya ci gaba. "Kowanne ta raɗa masa suna. Akwai wani babban ƙwaro a tsakiya, ta ce shi ne sarkin kyankyasai. Ta ce da mai tasowar za a kai ta ɗakin miji, ni in riƙe wannan, tunda bakina ma duk ramuka ne."

Ya yi dariya, dariyar ba ta kai ƙarshe ba.

Aka yi sallama daga ƙofar cikin gida. Sahadatu ce, matar Hudu, wadda ita kaɗai ta rage tana duba tsohon tun rasuwar matarsa. Ta durƙusa ta ajiye ƙwaryar ruwa, ta gaishe su murya ƙasa-ƙasa. Da Zibrim ya yi mata ta'aziyya, sai ta juyo da jikinta duka ta amsa, wuyanta a sandare. Ya ɗauka ciwon baƙin ciki ne.

"'Yar mutunci," Malam ya ce bayan ta fita. "Memuna 'yar farinta ce, ka sani. Tun da aka haife ta ba ta taɓa kama sunanta ba, ba ta taɓa ɗaukarta a gabana ba. Ranar da aka fita da gawar yarinyar ma, ko tari ban ji daga ɗakinta ba. Kunyar ɗan fari irin ta iyayenmu, wadda ta ƙare a Ankaran nan."

Zibrim ya tambaye shi ko akwai wanda ya taɓa sa ido a kan dutsen. Malam ya ce akwai, Jamiu.

* * *

Jamiu Bayarabe ne, yana da rumfa a Adabraka inda yake sayar wa hafsoshin soja da ma'aikatan jirgin ruwa sassaƙe-sassaƙe da fatu. Zibrim ya same shi da safiyar Asabar yana kakkaɓe kaya.

"Saje! Kama ni ka zo yi? Zauna tukuna ka ci goro, kada a ce an kama ni da rowa."

"An ce ka taya dutsen Malam Mansuru."

"Sau uku! Har Bature na kai masa zaure, mai gilashi. Ya durƙusa a ƙasa yana kallo kamar ya ga uwarsa. Malam ya ce ba na sayarwa ba ne. Tsohon nan taurin kai paa, ba kaɗan ba."

"Jiya da azahar kana ina?"

"Sahu na uku, gefen Mai-unguwanku. Shi ya taka mini ƙafa, ka tambaye shi." Ya gutsiri goro, sai ya tsaya. "Amma dakata. An ce rabi aka ɗauka?"

"Rabi."

Jamiu ya tafa hannu. "To wannan ba ɗan kasuwa ba ne, ba kuma ɗan kasuwa ya aike shi ba. Baturen ya gaya mini, biyun tare ake so, a buɗe a rufe. Ɗaya shi kaɗai, takalmi ne ƙafa guda. Wanda ya ɗauki wannan, Saje, ba sayarwa zai yi ba. So yake yi."

Zibrim ya taho da wannan magana tun daga Adabraka har Nima, yana juya ta. Moro kullum cikin duwatsu yake wuni. Me zai so a jikin wani?

* * *

Barikisu mai koko tana zama ne ƙarƙashin wata bishiya a bakin lungun da ya bi ta gefen gidan Malam ya gangara rafi. Zibrim ya same ta tana kankare tukunya.

"Babu wanda ya wuce, Saje. Ina nan zaune tun da maza suka fita."

"Ko mutum ɗaya?"

"Na ce maka babu. Sai Moron naku, yana ɗingishi, hannunsa wayam."

"Wayam?"

"Kamar yadda uwarsa ta haife shi. Na so in faɗa jiya, wa ke sauraron mai koko?"

"Bayan shi fa?"

"Babu. Sai fa mata masu kai wanki rafi, su kuwa ai ba a lissafa su, kullum ne."

Zibrim ya yi mata godiya, ya koma gefen ƙofar zaure ya ɗaga kaskon. Jiya ƙafar ya karanta, bai karanta tsayuwar ba. Ƙafafun a jere suke, a ɗan ware, yatsun sun nutse cikin ƙasa, dugadugan kuwa da ƙyar suka taɓa. Tsayuwar mai ɗaga abu mai nauyi ce zuwa sama. Sawu guda da ya tsira a gaba kaɗan, na tafiyarsa, bai nutse ba ko kaɗan. Mutum ya ɗaga nauyi, ya tafi hannu wayam. Ɗora wa wani ya yi. Kaya mai nauyi ba ya hawa ka sai da hannun wani, ba ya kuma sauka sai da shi.

Ya miƙe a hankali, gwiwoyinsa suna ƙara, ya bi lungun rafi.

* * *

Ƙasar da ta jiƙe ranar Juma'a ta bushe ta riƙe sawu kamar yumɓun maginin tukwane. Sawun mata ne birjik, masu zuwa da masu dawowa. A cikinsu akwai ɗaya, siriri, wanda ya fi sauran nutsewa, taku gajere-gajere, ba ya kauce wa tsakuwa, ba ya ratsewa gaisuwa. Da aka kai rafi sauran duk suka gangara mawanka. Wannan ya tsallake ta kan duwatsu, ya haura tudu, ya bi siririyar hanyar da ba ta zuwa ko'ina sai maƙabarta.

A bakin shingen maƙabartar sawun ya tsaya.

Zibrim ya tsuguna. Ƙasar wurin ta dagargaje da taku a kan taku, duk a fili ɗaya da bai fi faifai ba. Mai shi ya daɗe a tsaye da nauyi a ka, yana sauya ƙafa, yana sauyawa. Mashigar a buɗe take, taki ɗaya ya rage, amma ko yatsa bai ƙetare ba. A gindin shingen ya tsinci ɗan ɓalli na dutse, da rabin ƙumba a jikinsa. Daga ciki kuwa wani sawu ne dabam, faffaɗa, na tsoho, ya zo ya koma da nauyi.

Da namiji ne da ya shige. Da ɓarawo ne da ya shige da gudu, domin babu maɓoya kamar maƙabarta. Mace ce kaɗai za ta ɗauko wannan nauyi tun daga cikin unguwa ba ta huta ba, ta iso nan ta tsaya, saboda mata ba sa shiga.

Ya dubi sawun komawarta. Ya yi sauƙi, amma bayan taki goma ya juyo ya fuskanci shingen. Bayan ashirin ya sake juyowa. Sau uku. Sai ya tuna da wuyan da ya ƙi juyuwa jiya, ya rufe ido ya yi salati.

"Na san za ka zo," wata murya ta ce.

Mahama ne, tsohon Badagomben da ke haƙa kaburbura. Bai jira tambaya ba, ya juya, Zibrim ya yi sallama ga mazauna wurin ya bi shi. A kusurwar gabas ruwa ya bi ta kan jerin ƙananan kaburbura ya shafe su, sun koma daidai da ƙasa. A kan ɗaya daga ciki, wajen kai, dutsen yana tsaye.

"Yara tara na binne cikin wata ɗaya," in ji Mahama. "Ruwa ya share duka. Ni kaɗai na san wane ne wane, ni kuma ka ga shekaruna. Ina can ƙarshe ina gyara, ban ji kira ba, don ba ta ɗaga murya. Da na zo, ƙafa nata yana rawa. Na ce, 'yata, na wa? Ta kasa faɗin suna. Ta ce, yarinyar gidan Malam Mansuru. Ta ce in uban ya dawo daga yaƙi, ya sami inda zai tsaya."

Zibrim ya karɓi butar Mahama ya yayyafa ruwa kaɗan, kamar yadda aka nuna masa. Ƙumbunan suka taso suna ƙyalli, sarkin kyankyasai a tsakiyarsu. Ya yi wa yarinyar addu'a, ya yi wa sauran takwas ɗin da ba su da alama. Sannan ya daɗe a tsaye, yana tunanin yadda zai kwance Moro ba tare da ya tuɓe wa baiwar Allah mayafinta a bainar jama'a ba.

* * *

Zibrim ya roƙi Mai-unguwa kada a yi zaman Lahadi a fili. Aka yi shi a zauren Malam Mansuru, aka rufe ƙofar waje. Mai-unguwa ya zauna a kan buzu da dattawa biyu. Jamiu ya zo da goronsa, Mahama ya raɓe a lungu, aka shigo da Moro yana jan ƙafa. Ƙofar cikin gida kuwa labule ne kawai, Zibrim ya ga inuwa a bayansa.

"Ranka ya daɗe, zan fara da laifina," ya ce. "Ranar Juma'a na ga ƙafa na faɗi suna, ban tsaya na ga abin da ƙafar ke yi ba. Maharbin da ya yi haka a daji, ɗan'uwansa yake harbi." Ya juya. "Jamiu yana masallaci, kuma da shi ne da biyun ya kwashe."

"Allah ya yi maka albarka, ka san ni," in ji Jamiu.

"Moro kuwa ya taɓa dutsen. Shi ya sa ya ƙi rantsuwa, don ba ya so ya dafa izu sittin a kan ƙarya. Amma bai tafi da shi ba. Ɗora wa wani ya yi a ka."

"Wa?" in ji Mai-unguwa.

"Saje, bari," Moro ya ce da sauri. "A kai ni wurin 'yan sanda. Bari kawai."

Zibrim ya kwance bakin rawaninsa ya fito da ɗan ɓallin dutsen, ya miƙa wa Malam Mansuru. Tsohon ya juya shi a tafinsa, ya matsa gaban ɓarin da ya rage, ya bi gefensa da yatsa har kusurwar ƙasa, ya sa. Rabin ƙumbar ya zauna cikin raminsa daram.

"A ina ka samo?"

"A bakin maƙabarta, Malam. Ta waje. Wanda ya ɗauko shi ya kai har mashiga, bai shiga ba. Ya tsaya da shi a ka har aka zo aka sauke masa."

Ɗaya daga cikin dattawan ya buɗe baki zai yi tambaya, sai ya rufe.

"Yana kan amaryarka, Malam," Mahama ya ce daga lungu. "Wajen kai."

"Baba, ni ce."

Daga bayan labule muryar ta fito. Ba ta ɗaga ta ba, amma babu wanda bai ji ba.

"Ni ce, Baba. Moro wucewa yake yi na ce ya ɗora mini, bai tambaye ni komai ba. Ruwan nan na Juma'a, duk ɗigon da ya sauka a kwano ina jin sa a can. Na ce in uban ya dawo ya tambaye ni ina take, me zan nuna masa? Na so in roƙe ka. Da wane baki zan ambace ta a gabanka? Tun da na ji an kama bawan Allahn nan sau huɗu ina zuwa bakin labulen nan, harshena ya ƙi. Da an fita da shi yau, da na bi shi har can na faɗa. Ku yafe mini. Ita ta ce nata ne."

Daga nan sai kuka, irin wanda aka danne kwana ashirin da biyu. Mazan suka sunkuyar da kai. Jamiu ya mayar da goronsa aljihu.

Mai-unguwa ya gyara murya. "Kai kuma, Moro, me ya hana ka magana? Kurkuku fa za ka."

"Na bar ɗiya a gida, ranka ya daɗe," in ji Moro. "Ta mutu ina nan ina fasa dutse. Har yau ban san kabari nata ba. Da na ga an naɗe dutse da ƙaramin zane na yarinya, na gane. Wannan magana ba tawa ba ce da zan faɗa."

Zibrim ya taso daga wurinsa, ya durƙusa gaban Moro duk da furfurarsa. "Na ɓata maka suna a gaban jama'a. Gobe da safe a gaban jama'a zan gyara, a inda na ɓata, ba kuwa sai na ambaci kowa ba. Ka gafarce ni."

"Tashi, Baba, tashi," Moro ya ce yana kama hannunsa. "Allah ya gafarta mana duka."

Malam Mansuru bai motsa ba. Hawaye na bin gemunsa yana ɗiga a kan dutsen, ramukan da ya taɓa suna yin duhu.

"Shekara ashirin ina koya wa idona ganin abin da ke ɓoye cikin dutse," ya ce, kamar da kansa yake magana. "Ga mutum a cikin gidana. Na ji shirunta na yaba, ban taɓa tambayar abin da ke cikinsa ba."

Aka bar shi har ya share fuska da hannun riga. Sannan Mai-unguwa ya ce, "Malam, kai ne mai kaya. Me ka gani?"

Tsohon ya zare ɗan ɓallin daga raminsa, ya duba, ya mayar.

"Ba a yi sata a gidana ba," ya ce. "Wancan ɓarin ya zauna inda yake. Ƙananan allunan nan, Mahama, ka kwashi takwas gobe ka sa wa sauran yaran. Wannan ɓarin kuma, Saje, kai da Moro ku kama, ku kai shi ɗakin uwar Memuna."